Muryar Tsohuwa a Ɗakin Haya

Kafur,
12 ga Agusta, 2024.

Ƙanena Awaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da aikinku na ƙarafan sabis a can Fatakwal. Mu nan sai godiya. Ruwa yana sauka yadda ake so, masara ta yi goyo, sai dai tsutsa ta ɗan taɓa ta bayan makaranta. Gwiwata ce dai take yi min tsiya duk sanda hadari ya haɗu.

Na rubuta da hannu na ɗauki hoton takardar ne don ka san halin sabis ɗinmu, kuma wannan ba maganar da za a yi ana "alo, kana ji na?" ba ce.

Ka san Naja'atu, 'yar marigayiya yayata Ummukulsum, wadda na riƙe tun tana aji uku. An sa aurenta da Almustapha, ɗan Alhaji Maharazu mai sayen hatsi a Dandume, sai bayan an cire auduga. Shekara biyu ke nan yaran suna son junansu, ba wanda ya haɗa su sai Allah. To, ranar da aka kawo kayan sa-rana, wata dattijuwa daga Musawa cikin 'yan rakiya ta ji sunan uban yaron, sai ta ce, "Af, ashe ba jaririn nan ne da Ummukulsum ta shayar ba?" Da aka matsa mata sai ta ce ita fa ba ta gani ba, ji ta yi, kuma ta manta a bakin wa.

Ga yadda abin yake. Shekarar da aka haifi Almustapha iyayensa suna zaune a babban gidanmu na Mahuta. Uwarsa ta yi wata biyu kwance a asibitin Funtua ba ta san wanda ke kanta ba, ubansa yana ci-rani a Kudu, ni kuma ina makarantar horon malamai. Mata biyu ne masu goyo a gidan a lokacin: Ummukulsum, da Aisha Humaira matar wani malamin gona da ke haya a wurinmu. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya. In Ummukulsum ce ta ba shi nono, shi da Naja'atu wa da ƙanwa ne, babu aure. In Aisha Humaira ce, ba abin da ya shafe mu.

Mutum ɗaya ce ta sani, ita ce Tsohuwa, kakata, ƙanwar kakanka, Allah ya jiƙanta. Ita ce ungozomar unguwar, ita ta karɓi jaririn. Ka tuna bara da ka dame ni in riƙa ɗaukar muryarta a waya ina zubawa a shafin nan da ka buɗe, wai kada tarihin gida ya bi ta kabari? Sittin da uku na ɗauka kafin ta rasu. A na arba'in da ɗaya na ce ta lissafo duk yaran da ta yanke wa cibiya, da wanda ya sha nonon wa. Ta fara ke nan aka aiko masu duba makarantu sun zo, na bar mata wayar a kan tabarma na fita. Na dawo bayan la'asar tana nan tana zuba. Ban taɓa zama na saurara ba.

Jiya na je Malumfashi inda sabis ke da ƙarfi, na gwada shafin, ya ƙi buɗewa. Ka duba ka turo min na arba'in da ɗaya. Alhaji Maharazu ya ce ba za a ƙara taɓa maganar biki ba sai an ji ta bakin Tsohuwa.

Ka gaida matarka da yara.

Yayarka,
Hansai.

*

Fatakwal,
17 ga Agusta, 2024.

Yaya Hansai,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Mu ma lafiya muke, in ban da ruwan garin nan da ba ya sallama kafin ya zo. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ki daina jiƙe-jiƙe ki je a duba ta.

Na karanta maganar Naja'atu. Kada ki tayar da hankalinki, shafin bai ɓace ba, inda yake zaune ne ake gyara. Bari in yi miki bayani yadda za ki iya maimaita wa Alhaji. Akwai wata babbar kwamfuta a ƙasar Turawa da ba a kashe ta, ita ake kira saba. Masu ita sun yanka cikinta ɗaki-ɗaki suna bayarwa haya, kowa da mabuɗinsa. Irin wannan hayar muke kira VPS. Ɗaki ɗaya na kama mana a watan Nuwamban bara, lokacin rangwamen ƙarshen shekara, dala goma sha ɗaya shekara guda cur. Manyan kamfanoni abin da suke karɓa a wata biyu ke nan. Ban saya da ka ba, sai da na karanta abin da mutane suka rubuta a kansu a dandalin masu irin wannan haya, kuma yawanci yabo ne. Wata tara yana aiki bai taɓa yin ko tari ba.

Da na ga saƙonki na gwada shiga, ni ma ya ƙi. Na shigar da koke, suka amsa bayan kwana biyu cewa suna kwashe ɗakunan ne zuwa sabuwar na'ura, mu yi haƙuri kwana uku. Wannan ba baƙon abu ba ne a harkar, masu araha sukan yi haka. Da zarar ya dawo zan ciro na arba'in da ɗaya in turo.

Amma ma me ya kai mu jiran su? Ai asalin muryar tana cikin wayarki, daga can kika ɗora. Ki shiga wurin ɗaukar murya, ki gangara zuwa watan Disamba, za ki gan shi. Ki kunna wa Alhaji da liman su ji da kunnensu, magana ta ƙare.

Ki ce wa Naja'atu in ji ni, in sha Allahu Aisha Humaira ce. Ta ci gaba da shirinta, ni ma na riga na nemi hutun Disamba.

Ƙanenki,
Awaisu.

*

Kafur,
25 ga Agusta, 2024.

Awaisu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. An yi ruwa mai ƙarfi ranar Talata har katangar makwabcinmu ta zauna, amma ba wanda ya ji ciwo.

Wace waya? Ikon Allah! Ai babu ko ɗaya a wayata. Ga takardarka ta ƙarshen Disamba nan a gabana, na buɗe ta ina kallo, kai ka rubuta: "Duk sittin da ukun sun shiga ajiya, hankalinki ya kwanta." To ni 'yar manoma ce, Awaisu. In an ɗinke hatsi an zuba a rumbu an liƙe, ba a kuma barin wani a masussuka, sharewa ake yi. Wayar kullum tana yi min kukan ta cika, ko hoton takardun 'yan makaranta ba ta ɗauka. Ranar da na karanta wannan layin naka na goge su tas, har ina jin daɗi na yi abin kirki. Da ka ce min rumbun naka na haya ne a garin da ba mu san kowa ba, da ban goge ba.

Na kai wayar wurin masu gyara a Malumfashi, na kai Funtua. Duk bakinsu ɗaya, wai wata takwas an yi ta ɗora wasu abubuwa a kai, ba abin da zai dawo. Ɗaya ma dariya ya yi, na ce Allah ya shirye shi.

Kwana ukun da suka ce yau kwana takwas. Jiya ma na gwada, farin allo kawai nake gani.

Ba na so in yi maka ƙarya a kan halin gidan. Naja'atu tana zuwa shagon ɗinkinta tana dawowa, tana cin abinci, ba ta kuka. Almustapha ya zo zance ranar Juma'a kamar kullum, ta fita, amma na lura tabarma biyu ta shimfiɗa, da nisa tsakaninsu. Bai jima ba ya tafi. Mutanen unguwa kuwa ka san su, kowa ya zama masanin abin da ya faru a Mahuta shekara ashirin da tara da suka wuce, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin.

Yanzu ka faɗa min abu ɗaya ba tare da dogon turanci ba. Kai kana da su a kwamfutarka, ko ba ka da su?

Yayarka,
Hansai.

*

Fatakwal,
3 ga Satumba, 2024.

Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ƙaramar ce ta yi zazzaɓi ta warke.

Ba ni da su. Yadda na tsara shafin, daga wayarki suke wucewa kai tsaye zuwa sabar, ba sa biyowa ta wurina. Na sha cewa zan zauna in sauke su duka, aiki ya yi ta tura ni daji. Huɗu na farko kawai na taɓa saurara. Ni a lissafina kwafi biyu ne, ɗaya a wurinki ɗaya a can. Ke kuma a lissafinki ɗaya ne a wuri mai aminci. Layin da na rubuta miki ne ya jawo, ban yi musu ba.

Akwai wani abu kuma. Ranar da na kama ɗakin sun tambaya ko ina so su riƙa yi min kwafin ajiya kowane mako a wata na'ura dabam, dala biyu a wata. Na ga kuɗin kwafin ya ninka na ɗakin, na ce ba na so.

Maganar kwashe ɗakuna ba gaskiya ba ce. Ranar Alhamis suka fito suka ce faifan da ke riƙe da ɗakunanmu ne ya mutu, kuma na biyun da ya kamata ya tare shi ashe ya daɗe da mutuwa ba wanda ya duba. Mu ɗari da wani abu ne a kansa. Na koma dandalin nan da na ga ana yabonsu, yanzu shafi goma sha bakwai ne na kuka. Wani mai shagon takalma a Indunusiya ya rasa sunayen masu sayensa gaba ɗaya. Wata mata ta ce aikin digirinta na shekara biyu ne a ciki. Wani kuma ya shigo yana cewa shi ba ruwansa, wasa kawai yake ɗorawa, kuma a wannan farashin gobe ma zai sake saya. Tsofaffin dandalin ba sa tausaya wa kowa, amsarsu ɗaya ce ga duk wanda ya yi ƙorafi: ina kwafinka? Wasu sun bincika sun ce kamfanin duka mutum ɗaya ne, shi ne mai shi, shi ne mai amsa koke da sunaye uku, kuma shi ma hayar na'urar yake yi a hannun wasu. Na koma na karanta sharuɗɗan da na danna na yarda da su ban karanta ba. A sakin layi na tara an rubuta cewa duk abin da mutum ya ajiye, kiyaye shi a wuyansa yake.

Na rubuta masa na faɗa masa abin da ke ciki. Bayanin shayarwa ya ba ni wahala da Turanci, ban sani ba ko ya gane. Ya amsa da layi biyu, ya ce ya yi baƙin ciki, kuma ya kai faifan wurin masu ceton bayanai. In sun iya kwafo abin da ya rage a jikinsa zai ba kowa nasa tarkacen ya tsince da kansa. Ya ce mako biyu zuwa uku.

Ba zan ce miki in sha Allahu za a samu ba kamar yadda na yi wancan karon. Ana samu, ana rasawa. Abin da na sani ke nan.

Ƙanenki,
Awaisu.

*

Kafur,
9 ga Satumba, 2024.

Awaisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Mu nan an fara cin sabuwar masara.

Na karanta takardarka sau biyu. Ba zan zage ka ba, don in na zage ka sai in juyo in zagi kaina. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai mu namu mun saya ne mun ɗauka tulu ce. Dala biyun nan kuwa, da ka tambaye ni, da kazar gidan nan ɗaya ta biya wata da watanni. Shi ke nan, ya wuce.

Na je wurin Malam Aƙilu, limamin unguwarmu, tare da Alhaji Maharazu. Ya sa aka sake kiran dattijuwar Musawa a waya, ta maimaita cewa ji ta yi. Malam ya ce da irin wannan magana shi ba zai iya haramta aure ba, ba shaida, ba wanda ya gani. Amma ya ce ba zai ɓoye mana ba, abin da zuciya ta kasa natsuwa a kansa barinsa ya fi. Ka ga ya ba mu hannun dama ya karɓe da na hagu. Alhaji ya ce shi ruwa ba ya tsami banza, amma kuma ba zai karya zuciyar ɗansa a kan jita-jita ba. Ya ba mu zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin da zai fara haɗa lefe. In an samu muryar Tsohuwa, abin da ta ce shi za a bi. In ba a samu ba, a zauna da yaran.

Na bi sauran tsofaffin Mahuta gida-gida ranar Asabar. Biyu sun ce Ummukulsum, ɗaya ta ce Aisha Humaira, ɗaya ta ce madarar shanu aka ba shi. Da na tambayi kowacce ko ta gani da idonta, sai ta ce Tsohuwa ce dai ta sani.

Shi wannan mutum mai sunaye uku, ba shi da lambar waya ne? Ba shi da uba ko wani babba da za a yi wa magana? Ka rubuto min duk abin da ake ciki, ko da babu komai.

Yayarka,
Hansai.

*

Kafur,
6 ga Oktoba, 2024.

Awaisu,

Sallama. Ina fata shirun nan lafiya ce. Mu muna lafiya, ana ta yankan waken suya.

Yau kwana ashirin da bakwai da na rubuta maka, ban ji ɗuriyarka ba. Na ga alamar ka buɗe takardata tun ranar da na tura. Na kira sau huɗu, sau biyu matarka ta ɗauka ta ce kana daji, sau biyu ta yi ta ƙara har ta gaji. Mako ukun da Baturen naka ya ɗiba sun cika sun zube.

In kunya kake ji, ka ajiye ta, ba ta da amfani a nan. Ni na goge, kai ka ƙi sayen kwafi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago, kowa ya san nasa. In kuma ka ga abin namu na ƙauye ne, bai kai ka bar aikinka a kansa ba, to ka faɗa min in sani. Raina ya ɓaci, Awaisu, ba zan ɓoye maka ba. Kai ka kawo wannan tsari gidan nan, ba mu muka roƙe ka ba.

Naja'atu ta daina tambayata ko ka rubuto. Da can duk sanda ta dawo daga shago sai ta dubi fuskata kafin ta ajiye jaka, yanzu wucewa take yi. Almustapha ya zo ya same ni ni kaɗai, ya ce shi ya yarda da maganar liman ta farko, a ɗaura kawai, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Na ce ya bari ƙarshen wata ya yi.

In babu, ka ce babu. Da babu ma ana iya yanke shawara.

Hansai.

*

Fatakwal,
14 ga Oktoba, 2024.

Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, kuma ba daji ne ya riƙe ni ba. Ki yafe wa matata, ni na sa ta faɗi haka.

Mutumin ya cika alkawari. Tun ranar ashirin ga Satumba ya turo tarkacen. Na kwana huɗu ina tsincewa. A cikin sittin da uku, tara ne suka buɗe cikakku: akwai inda take ba da labarin yadda ake auna auduga a da, akwai waƙoƙin daka, akwai rasuwar kakana. Sauran sun farfashe, wasu ƙara ce kawai. Na arba'in da ɗaya asalinsa awa biyu ne da minti shida. Abin da ya tsira daga cikinsa gutsure uku ne. Biyu a kan wasu gidaje ne da ba su shafe mu ba. Na ukun daƙiƙa hamsin ne, ga abin da ta ce, na rubuta shi yadda yake:

"…shi kuwa ɗan Maharazu, ai da ƙyar aka sha. Da aka kwantar da uwar a Funtua kwana biyu yana tsala ihu, na ba shi madarar shanu ta ƙi zama, na ba shi ruwan dabino ya dawo da shi. Na ce wannan yaro in ba a yi da gaske ba bin uwarsa zai yi asibiti. Sai na saɓa shi a kafaɗa, na ɗaga labule na shiga da shi ɗakin…"

A nan ya yanke. Abin da ya biyo baya babu shi a faifan, ba ɓoyewa ya yi ba, wurin ne ya mutu. Na kai wa mutum biyu da suka fi ni sanin aikin, ɗaya a nan ɗaya a Legas. Na sake rubuta wa mutumin ko masu ceton za su ƙara gwadawa, ya ce sun riga sun jefar da faifan.

Dalilin shiruna ke nan. Na zauna da abin nan mako uku ina juya shi. In na ce miki ba a samu komai ba, maganar tana nan a jita-jita, liman ya ce ba ta hana aure, a ɗaura a wuce wurin, kuma ba mai sanin na ji wani abu sai Allah. In na turo, ya tabbata da bakin Tsohuwa cewa an shayar da shi a gidan, kuma ɗaki biyu ne kawai. Sau biyu ina rubuta miki takardar babu, ina gogewa. Na ga na riga na yi wa yarinyar nan ɓarna ɗaya da rowa da sakaci, ba zan ƙara mata ta biyu da ƙarya ba. Ga shi nan na haɗa da wannan takarda, da sauran taran. Ki ajiye a wayarki, ki tura wa mutum biyu, kada ki goge.

Kamfanin ya aiko wa duk wanda abin ya shafa da saƙon ban-haƙuri, da wata uku kyauta a sabuwar na'ura. A dandalin wasu har suna godiya. Ban amsa ba tukuna.

Ki gaida Naja'atu, in za ta karɓi gaisuwata.

Ƙanenki,
Awaisu.

*

Kafur,
2 ga Nuwamba, 2024.

Ƙanena Awaisu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An fara cire auduga, bana ta yi kyau. Gwiwa ta yi sauƙi tunda ruwa ya ɗauke.

Na janye maganganun da na faɗa maka a takardar baya. Ka yi daidai da ka turo. Ban ce na ji daɗi ba, na ce ka yi daidai.

An zauna ranar Lahadi a zauren Malam Aƙilu: shi, da Alhaji Maharazu, da ni, da yaran biyu. Na ɗora wayar a kan buzu na kunna. Wata tara rabon da in ji muryar Tsohuwa, sai ga ta tana cewa da ƙyar aka sha, har da 'yar dariyar nan tata. Da ya yanke, Alhaji ya ce a sake. Aka sake sau uku. Ya tambaye ni ko ɗakin wa ke da labule a lokacin, na ce duka biyun.

Malam ya ce hukunci bai canza ba, har yanzu ba a ambaci suna ba, shi ba zai haramta ba kuma ba zai ce a yi ba. Alhaji ya ce ya bar wa yara. Almustapha ya yi magana mai tsawo, ya kawo hujjoji, wallahi ya ba ni tausayi. Sannan aka juyo ga Naja'atu. Kanta a ƙasa ta ce, "Ni ina son sa, kowa ya sani. Amma in na haifi ɗa, kullum na ɗauke shi zan riƙa tambayar kaina ɗakin wa aka shiga. Ba zan iya ba." Malam ya ce ta je ta yi tunani mako guda. Ta ce tun watan Agusta take tunani.

Ranar Laraba aka mayar da kayan sa-rana. Ni na kai da kaina har Dandume don kada a ce an yi da fushi. Uwar Almustapha ta riƙe hannuna ta yi ta kuka, tana cewa da ba ta yi ciwon nan ba. Na ce da ba a shayar da shi ba ai da babu shi. Shi kuma an ce ya bi motar hatsi zuwa Kudu, sai bayan salla.

Wata ukun da suka ba ka, ka karɓa in kana da abin zubawa. Mu nan ba mu da shi. Hutun Disamban da ka nema kuma kada ka soke, ka zo a gaisa, ba wanda ya riƙe ka a zuci. Naja'atu ta amsa gaisuwarka.

Ta roƙe ni in tura mata gutsuren a wayarta, na tura. Ban sani ba ko na yi daidai. Jiya da hantsi na biya ta shagon in karɓi ɗinkina, na same ta a kan keke, ƙafarta a kan feda ba ta takawa, wayar a gefen zare, ta kunna gutsuren. Tsohuwa ta ɗaga labule ta shiga, muryar ta yanke, ita kuma ta ci gaba da kasa kunne. Na tsaya a bakin ƙofa har ta miƙa hannu ta mayar da shi farko. Ban karɓi ɗinkin ba, na ce na dawo gobe.

Ka gaida mutanen gida. Allah ya sa mu gana da alheri.

Yayarka,
Hansai.